Wa Zai Biya? Tarihin Kuɗin Magani a Kano, Daga Baitulmali Zuwa Asibitin Malam

Duk wanda ya biyo titin Zariya daga Dangi ya nufi Unguwa Uku, yana wuce mahaɗar Gyadi-Gyadi zai ci karo da katangar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kanawa ba sa wahalar da bakinsu da wannan dogon suna, Asibitin Malam kawai suke cewa. Kewayen asibitin kuwa kasuwa ce mai zaman kanta: shagunan magani a jere, ɗakunan gwajin jini da ɗaukar hoto, masu abinci, masu sayar da bokiti da tabarma da filas, sai kuma rumfunan masu POS, waɗanda cinikinsu ba ya yankewa. Wannan kasuwa ta tsaya da ƙafarta ne a kan abu guda, wato a Nijeriya majinyaci da danginsa su ne ke ɗaukar mafi yawan kuɗin jinya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, a ranar da ciwo ya kama su.

Muhawara kan wannan al'amari ba ta ƙarewa a majalisun Tarauni da Hausawa da Darmanawa, da gidajen rediyo, da shafukan Facebook. Wasu na cewa magani haƙƙin ɗan ƙasa ne, dole gwamnati ta ba da shi kyauta. Wasu na cewa ba wata gwamnati da za ta iya ɗaukar jinyar mutum miliyan ɗari biyu da ɗoriya. Duk ɓangarorin biyu suna magana kamar yau aka fara. Alhali Kano ta shafe kusan shekara ɗari tana gwada hanyoyin biyan kuɗin magani ɗaya bayan ɗaya, kuma ko a zamanin da ake kira na kyauta akwai wanda ya biya. Abin da ke sauyawa shi ne lokacin biya da yawan masu biya: ko jama'a su tara tun suna da lafiya, ko mutum ya biya shi kaɗai yana kwance.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, masu magani suna cikin unguwa, kowa ya san gidansu. Wanzami na yin ƙaho da kaciya da cire beli, mai ɗori na gyara karaya, ungozoma na yanke cibi, malam na ba da rubutun sha, 'yan magori na yawo da saiwoyi a kasuwa. Ana biyansu, amma biyan yana bin ƙarfin mai biya. Malam a ba shi kafin alƙalami, ungozoma ta samu hatsi da goro da nama ranar suna, mai ɗori sau da yawa sai ƙafa ta taka ƙasa a kai masa abin godiya. Mai hali ya ba da da yawa, marar hali ya ba da kaɗan ko ya ba da addu'a. Maganin na iya ci, yana iya ƙin ci, yara da masu haihuwa sun mutu ba adadi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai tsarin biyan yana da wata hikima da asibitin zamani ya rasa: ba a cewa sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka.

Turawa sun fara gina asibiti ne don sojojinsu da ma'aikatansu. Asibitin talakan birni ya zo daga baya, a ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero wanda ya hau mulki a 1926. Shi ne asibitin cikin gari da ake kira Asibitin Murtala tun bayan rasuwar Janar Murtala Muhammad a 1976. Hukumar En'e ce ta gina shi, ita ce kuma ta riƙa buɗe ƙananan asibitocin sha-ka-tafi a gundumomi, inda malamin asibiti ɗaya ke wanke gyambo, ya ba da maganin tari da na zazzaɓi. Makarantar koyon aikin tsafta da aka buɗe a Kano a 1932 ita ta riƙa yaye duba-gari. 'Yan mishan ma sun shigo ta tasu ƙofar, da aikin kuturta a Yadakunya da asibitin ido na Sabon Gari da aka buɗe a 1943.

Dattawan da suka ga wancan zamani sukan ce magani kyauta ne, ko kusan kyauta. Gaskiya suka faɗa, in ana maganar bakin tagar karɓar magani. Amma kuɗin daga baitulmali yake fitowa, baitulmali kuwa da haraji da jangali ake cika shi. Kowane baligi namiji yana biyan haraji, kowane mai shanu yana biyan jangali, a kasa kuɗin, Turawa su ɗauki nasu kaso, ragowar ta zauna a hannun En'e don albashi da makarantu da kurkuku da asibiti. Manomin gyaɗa na Gyadi-Gyadi, lokacin da wurin yake ƙauye a wajen ganuwa, ya riga ya biya kuɗin allurarsa tun da kaka, ko ya sani ko bai sani ba. In aka cire mummunan sunan da ya yi, wannan shi ne asusun jinya na gama-gari na farko da Kano ta sani: kowa ya zuba, mai ciwo ya ɗiba.

Ga inda gizo ke saƙar. Harajin nan shi ne babban abin da talaka ya tsana a mulkin En'e, kuma yana da hujja. Ana karɓarsa da bulala da ɗauri, ana sa wa yaro tun bai tasa ba, ana karɓa ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, wani kason kuma yana maƙalewa a hannun masu karɓa. Abin da ke dawowa ƙauye bai taka kara ya karya ba, domin gunduma guda mai dubban mutane sai ka tarar sha-ka-tafi ɗaya gare ta. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta gina farin jininta ne a kan yaƙi da wannan zalunci. Darasin da talaka ya ɗauka daga waɗannan shekaru ya zauna daram a zuciyarsa har yau: kuɗin da hukuma ta karɓa tun kafin ka ga aiki, ka yi masa bankwana.

A daidai wannan lokaci Ingila, uwar gijiyar En'e, ta bi ta wata hanya. Ranar 5 ga Yuli 1948 ta buɗe tsarin lafiya na ƙasa wanda kowa ke shiga asibiti ba tare da biya ba, ana ɗaukar nauyinsa da harajin ƙasa baki ɗaya. Ministan lafiya Aneurin Bevan sai da ya sha fama da ƙungiyar likitoci kafin su yarda. Nijeriya ma ta taɓa gwada irin wannan tun da wuri. A 1962 ministan lafiya na tarayya, Dakta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa ƙudirin tsarin biyan kuɗin jinya tun kafin ciwo, wanda za a fara da Legas. Likitoci suka ƙi, ƙudirin ya mutu. Sai da aka shekara kusan arba'in kafin dokar ta samu.

Abin da ya cike gurbin shi ne man fetur. Daga 1973 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, kuɗi suka kwararo wa gwamnatoci, aka gina asibitoci, aka cika su da magani. Mutanen da suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 suna tuna yadda ake yankar kati, a ga likita, a karɓi magani a tafi, mai kwanciya kuma a kawo masa abinci har gado. Da siyasa ta dawo a 1979, jam'iyyar UPN ta Awolowo ta sa magani kyauta cikin manyan alƙawuranta huɗu a jihohin yamma. A Kano kuwa gwamnan PRP, Muhammadu Abubakar Rimi, yana hawa mulki ya soke haraji da jangali. Ranar murna ce ga talaka, kuma alƙawari ne da NEPU ta ɗauka tun shekara talatin baya. A ganina Rimi ya yi daidai, domin harajin da ake karɓa da wulaƙanci bai cancanci zama ba. Amma ba a kafa wani asusu a madadinsa ba. Tun daga ranar, lafiyar Bakano ta rataya a kan kason da ke zuwa daga Legas, kason Legas kuma ya rataya a kan farashin gangar mai a kasuwar da ba mu da ta cewa a cikinta.

Ba a daɗe ba igiyar ta tsinke. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, ma'ajin magani suka bushe. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Ranar 31 ga Disamba ta wannan shekara, wani ɗan Kano, Birgediya Sani Abacha, ya karanta jawabin juyin mulki a rediyo, kuma cikin laifuffukan da ya lissafa wa gwamnatin farar hula har da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Sojojin ba su gyara ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar naira, wadda kafin nan take kafaɗa da kafaɗa da dala. Tunda yawancin magunguna da kayan tiyata daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi dala. Nan aka shiga zamanin "a je a sayo": likita ya rubuta, dangi su bazama kyamis ko kasuwar magani ta Sabon Gari, har safar hannu da auduga da zaren ɗinki.

Cikin wannan ƙunci aka haifi Asibitin Malam. Jami'ar Bayero na buƙatar wurin koyar da ɗalibanta na likitanci, sai gwamnatin jihar Kano ta miƙa wa gwamnatin tarayya ƙaramin asibitin da ta gina a kan titin Zariya mai ɗauke da sunan Malam, a watan Agusta 1988. An fara aiki a aro a Asibitin Murtala, sai a 1996 aka tare a mazaunin dindindin. Shekara ɗaya kafin miƙawar, a Satumba 1987, ministocin lafiya na Afirka sun taru a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince da tsarin da ya zama ruwan dare: a zuba jarin magani sau ɗaya, a riƙa sayar wa majinyata, a juya kuɗin a sake sayo wani. Hujjar ita ce gara magani na kuɗi da kyautar da babu ita, kuma hujja ce mai ƙarfi ga duk wanda ya ga kantocin asibiti wayam. Amma ma'anarta a aikace ita ce, asibitin da aka raɗa wa sunan jagoran talakawa ya buɗe ido ne a duniyar da mai karɓar kuɗi ke zaune kafin ɗakin likita. Wannan hukuncin zamanin ne, ya hau kan kowane asibitin gwamnati a ƙasar.

Shekarar da asibitin ya tare, wani abu ya faru a ɗaya gefen gari wanda ya shafi wannan muhawara ta hanyar da ba a cika lura ba. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe mutum fiye da dubu goma a Arewa. A Asibitin Zana, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin sabon magani mai suna Trovan, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, tambayar da ke bakin mutane ita ce: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon baki kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama yaro sai mun biya? Rigakafin lafiyarsa ƙalau, dakatarwar kuma ta jawo wa yara da yawa shanyewar ƙafa. Amma tambayar ba ta wauta ba ce. Talaka ya riga ya ƙi yarda da hukumar da ke karɓa, yanzu kuma ya fara zargin wadda ke bayarwa.

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta fito a 1999, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami, aka ƙaddamar da shirin NHIS a 2005 zamanin Obasanjo. An tsara shi a kan albashi: kaso daga ma'aikaci, kaso daga wanda ya ɗauke shi aiki, majinyaci kuma ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai karatu ya auna wannan da gidan Bakano mai mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha, ga tsohuwa a ɗaki, ga 'ya'yan ɗan'uwa da ake riƙo. Wace matar za a rubuta? Waɗanne huɗun? Sauran sai an yi musu ƙarin biya. Wannan ma ga mai albashi ke nan. Ɗan kasuwar Kwari, da mai Adaidaita Sahu, da mai ɗinki, da mai ƙosai, waɗanda su ne Kano, ba su da takardar albashin da za a yanka. Shi ya sa aka shekara goma sha ana shirin bai rufe ko kashi 10 cikin 100 na 'yan ƙasa ba.

Jihar Kano ta gwada ɗaya hanyar. A 2001, zamanin mulkin Kwankwaso na farko, aka ayyana awon ciki da haihuwa kyauta a asibitocin jiha. Mata sun ƙaru a layin awo, wannan ribar a fili take. Amma kyautar da ta dogara da sakin kuɗi daga ma'aikatar kuɗi tana da ranakun yunwa, in kayan haihuwa suka ƙare sai a koma "a je a sayo". Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan ƙarara. Gwamnatin Tandja Mamadou ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, ta ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006. Iyaye a Maraɗi da Damagaram suka yi tururuwa zuwa likita. Sai dai an tsara cewa asibiti ya yi aiki tukuna gwamnati ta biya shi daga baya, biyan kuma ya riƙa makara, bashi ya taru har biliyoyin sefa, kantocin magani suka fara bushewa. Gana ce ta fi kusa da kamo bakin zaren. A 2003 gwamnatin Kufuor ta kafa inshorar ƙasa, ta ɗora mata kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin sayen kaya, ta yadda mai talla a Zangon Kumasi ma yana zubawa duk ranar da ya yi sayayya, ba tare da an zo ƙofarsa da rasit ba. Su ma suna kukan jinkirin biyan asibitoci, amma asusun yana da rijiyar da yake ɗiba.

Akwai kuma matsalar suna. Kalmar inshora ba ta da farin jini a Kano, domin malamai da yawa suna ganin akwai garari da riba da kamannin caca a cikin inshorar kasuwanci. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta irin wannan, ta halatta ta taimakekeniya, wadda masu zubi ke ba da kuɗinsu a matsayin gudummawa ga duk wanda larura ta samu a cikinsu. Da jihar Kano ta zo kafa tata hukumar da dokar 2016, zamanin Ganduje, sai aka kauce wa kalmar inshora, aka kira ta hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Wasu na ɗaukar wannan wasa da kalmomi. Ni ina ganin dabara ce mai kyau, domin ta mayar da abin cikin harshen da mutane suka riga suka sani. Bahaushe bai taɓa jahiltar tara kuɗi don gobe ba, yana adashi, yana gudummawar biki, yana fitar da zakka. Abin da yake tambaya shi ne wa ke riƙe da asusun. Uwar adashi ana ganinta kullum, an san ɗakinta, in ta ci amana an san inda za a same ta. Hukuma fa?

A ɓangaren masu ciwon ƙoda ne lissafin kowa ke rushewa. Asibitin Malam ya yi dashen ƙoda na farko a 2002, yana cikin asibitocin gwamnati na farko da suka yi haka a Nijeriya, abin alfahari ne ga Kano. Amma mai ciwon da ƙodarsa ta daina aiki yana buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako, kowane wanki dubban nairori ne masu yawa, har mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024 ba zai riƙe shi wata guda ba. Wanda aka yi wa dashe kuma zai sha maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar har ƙarshen ransa. A nan ake sayar da fili, a sayar da ɗan kunnen gwal, a sayar da gidan gado. In sun ƙare a koma sanarwa a masallaci bayan sallah, ko a gidan rediyo, ko a ɗora hoton majinyaci da lambar asusu a Facebook. Kanawa suna bayarwa, wannan ba a ƙwace musu ba. To amma wannan ma jama'a ce ke biya, sai dai tana biya a makare, bayan ciwo ya ci ƙarfin mutum, kuma rabon yana bin wanda hotonsa ya fi taɓa zuciya ko wanda ya san mai mabiya da yawa. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, ana iya riƙe su da ƙwayoyi masu araha a asibitin unguwa. Mai cewa gwamnati ba za ta iya ba yana da gaskiya idan wankin ƙoda na kowa da kowa ake nufi. Idan awon jini da ƙwayar wata-wata ake nufi, ba shi da ita.

A takarda, an riga an yanke hukunci. A Afrilu 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cikawa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A watan Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin NHIS da hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman don marasa ƙarfi. Shekara guda bayan haka aka cire tallafin mai, aka saki naira, kamfanin GSK ya sanar a Agusta 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya, farashin maganin asma da na kashe ƙwayoyin cuta ya ninka. A Nuwamba 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, ta hannun hukumar NHIA, shekara 23 bayan Kano ta fara yin irin wannan alƙawari, shekara 19 bayan Nijar.